Ranar da Ji Ya Kori Gani

Wata Alhamis cikin watan jiya ina zaune a rumfar wani aminina a kasuwar Dole, kasuwa ta cika maƙil, sai jikansa ɗan shekara goma ya ɗago kai daga salular da yake latsawa ya ce: "Kaka, wai don me ake cewa a buga waya? Ni dai ban taɓa ganin wanda ya doke ta ba, shafa ta kawai ake yi. Kuma ina wayar take?" Duk muka kwashe da dariya. Aminina ya nuna ni da haɓa, ya ce wa yaron ya tambaye ni, wai ni ne na taɓa bugawa da hannuna. Na ba shi amsa a gurguje don masu ciniki sun tsaya, amma har na koma gida tambayar tana yi mini kai-kawo a zuci.

Yaron bai yi ƙarya ba. Waya a asali zaren ƙarfe ce da aka ja bisa turaku daga gari zuwa gari. Bugawa kuwa bugu ne na gaske: mutum ya zauna gaban wani ɗan madanni, yana ƙwanƙwasa shi da yatsu, wani a can nesa yana saurare yana rubutawa. Wannan shi ne tangaraho, kuma daga gare shi muka gaji gidan waya, da wayar iska, da wayar tarho, har zuwa wayar hannu da babu ko zare a jikinta. Abin ya tafi, sunansa ya zauna a bakinmu.

Kafin waya, labari a ƙasar Damagaram da ƙafar doki ko ta raƙumi yake tafiya. Idan Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, zai aika wa Shehun Borno wasiƙa a Kukawa, malamin fada ne zai rubuta ta da Larabci, a buga hatimi, manzo ya hau ya kwana ya tashi a hanya. Labarin kuɗin fatu da gashin jimina a Tarabulus kuwa sai ayari ya sauko ta Agadas, wata da watanni. Faransawa suka ci garin Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini, kuma daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin Nijar, kafin a mayar da shi Yamai. Ƙasa mai faɗin haka ba ta riƙuwa da sojoji ƴan ƙalilan sai da saƙo mai sauri, shi ya sa suka ja waya. Kakanninmu ne suka ɗauki kayanta a ka, cikin aikin tilas da ba a soke shi ba sai a 1946. Daga baya aka kawo wayar iska, wadda ba ruwanta da turke, ta haɗa wurare masu nisa irin su Bilma da Ngigmi da sauran ƙasa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikin samarin da aka ɗebo daga lakwal aka koya musu wannan aiki a shekarun 1940. Ya zauna Gure, ya zauna Tanut, ya daɗe a Ngigmi, sannan ya ajiye aiki ya dawo Birni. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma yatsunsa ba sa hutawa. Ko a bakin tabarma, ko a gefen kwanon tuwo, ko bisa gwiwarsa, kullum suna ƙwanƙwasa wani abu. Mu yara mun ɗauka tsufa ne. A hutun damina na 1976, shekarar da aka yi wasan matasa na ƙasa karo na farko a garinmu, ina ɗan shekara goma sha biyar, na daure na tambaye shi. Ya dube ni jim, ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani ɗan katako da aka ɗaure wa madanni, da ƴar na'ura mai ƙara kamar ta gyare, da batir biyu. Ya ce: "Magana nake yi. Ku ne ba ku ji."

Washegari na tafi wurin wani abokina mai ƙamus na Faransanci, na kwafe jadawalin haruffan Morse tsaf a takarda: A ɗigo da ja, B ja da ɗigo uku, har zuwa Z. Yaron da ya yi makarantar allo hadda ba ta ba shi tsoro. Cikin kwana uku na haddace haruffa 26 da lambobi 10, na je zaure ina taƙama. Kawu ya ce in ɗauki alƙalami. Ya buga haruffa biyar. Na kama na farko, ina cikin ƙirga ɗigonsa a kai ina laluben wurinsa a jadawali, sauran huɗu suka wuce ni kamar iska. Ya sake, haka. Ya miƙa hannu ya karɓi takardar, ya ninke ta huɗu, ya cusa cikin hularsa. Ya ce: "Ɗana, wannan takarda ita za ta kurumtar da kai. Da ka tambaye ni, da ban bari ka gan ta ba."

A lokacin na ji haushi, sai daga baya na gane abin da yake nufi. Wanda ya koya da ido, duk harafin da ya zo sai ya yi masa aiki uku: ya ƙirga sauti nawa ne, ya mayar da su zane a cikin kansa, sannan ya nemi zanen a jadawali. Lokaci kuwa babu. A ƙa'idar Morse, ja ɗaya tsawon ɗigo uku ne, tazarar da ke tsakanin harafi da harafi ɗigo uku ce, ta tsakanin kalma da kalma ɗigo bakwai. Ana auna sauri da kalmar PARIS, wadda take cin awon ɗigo 50. Idan ana buga kalma 12 a minti, ɗigo ɗaya kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne. A kalma 20 bai ma kai haka ba. Mai ƙirga zai iya jan ƙafa a kalma biyar ko shida, amma da an doshi goma sai ya ci karo da bango. Faransawa da kansu sunan da suka ba wannan fanni shi ne karatu da sauti.

Sai muka koma farko. Ya hana ni faɗin ɗigo da ja, ya ce in riƙa cewa "ti" da "taa", yadda aka koya musu. Ya zaunar da ni ina fuskantar bango, na ba shi baya, don kada in ga motsin hannunsa. Ya fara da haruffa biyu kawai, kuma bai rage musu sauri ba, sai dai yakan bar tazara mai tsawo tsakaninsu don in samu in numfasa. Idan na kama su har ba na kuskure sai jefi-jefi, ya ƙara ɗaya. Zama biyu muke yi a yini, bayan asuba da bayan la'asar, kowanne bai wuce shan shayi ɗaya ba, don a cewarsa kunne ya fi ƙafa saurin gajiya. Dokarsa mafi tsanani ita ce ta harafin da ya kuɓuce. In ya wuce, in bar gurbinsa a takarda in tari na gaba. "Makiyayin da ya koma neman akuya ɗaya," in ji shi, "kafin ya waiwayo garke ya shiga gonar mutane."

Ranar wata Juma'a, da aka sauko daga masallaci, ya riƙe hannuna muka tsaya ƙofar fada. Ana busa kakaki da algaita, makaɗa na aikinsu. Can kiɗa ya sauya, sai ya tambaye ni ko me ya faru. Na ce ai sarki ne ya fito, takensa ke nan. Ya ce: "Bugu nawa aka yi?" Na ce ban ƙirga ba. Ya ce: "To yaya aka yi ka sani?" Na yi shiru. Ya ce kowane harafi da takensa, kamar yadda kowane basarake da nasa, kuma mahauci a kasuwa ba ya ƙirga bugun kalangu kafin ya san shi ake kira. Bai ƙara ko kalma ba har muka iso gida. Wannan tsayuwa a ƙofar fada ta yi mini abin da mako biyu na zama a zaure bai yi ba.

Akwai kuma wata baiwa da Bahaushe yake da ita bai sani ba. Harshenmu a kan dogo da gajere aka gina shi. Yaro ɗan shekara uku ya san bambancin garin da ake zama cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi, alhali a rubutun boko iri ɗaya ne, tsawon wasali kawai ya raba su. Kawu ya yi amfani da wannan. Harafin A, ti-taa, ya ce "gida" ne. M, taa-taa, "mota". K, taa-ti-taa, "kasuwa". U "fitila", D "ungulu", O "tattasai", X kuwa "tantabara". Wanda na fi so shi ne V, ti-ti-ti-taa, don daidai yake da sunan garinmu: Da-ma-ga-ram. Abin dariya, harafin da babu shi cikin baƙaƙen Hausa shi ne ya ɗauki sunanmu, kuma shi masu aikin waya suke maimaitawa sau uku in za su gwada na'ura. Kawu yakan ce duk duniya, kafin a fara aiki, sai an gaishe mu. Yaran Faransa ma suna da irin wannan dabara, suna haddace B da sunan Bonaparte, inda gaɓar da ke da wasalin o take zama ja. Tasu sai an tuna yadda ake rubuta kalmar, tamu kuwa da ma a kunne take.

Duk da haka bai bar ni na dogara da kalmomin ba. Bayan mako uku ya ce in yar da su, don mai jin taa-ti-taa ya tuna kasuwa sannan ya tuna K, shi ma zagaye ya yi. Ya kwatanta mini da karatun allo. Ana fara wa yaro da babbaƙu, ya san kowane harafi da sunansa, ya wuce farfaru ya sa musu wasali, amma ba a cewa ya iya karatu sai ranar da ya dubi kalma ya faɗe ta gaba ɗaya bai tsaya tattashiya ba. So yake sauti ya shiga kunne, hannu ya rubuta, ni ina tsakiya ba a nemi shawarata ba.

Nan ne wahalar ta tsaya. Na san dukan haruffa, amma na yi kusan wata guda ban gusa ba. S da H da lamba 5 suka zame mini ƙarfen ƙafa: ti uku, ti huɗu, ti biyar, in an yi sauri duk ɗaya suke a kunnena. B da 6 haka. F da L kuwa kamar Hassan da Husaini, kowanne sauti huɗu da ja ɗaya a ciki, wurin jan kawai ya bambanta. Da na yi kuskure ɗaya sai gabana ya faɗi, in manta da dokar akuya, layi guda ya zube. Ran nan na jefar da alƙalami na ce na bari. Kwana shida ban leƙa zauren ba, shi kuma bai aiko kirana ba. Sai na lura da wani abu. Gyare na kuka da dare, in ji H. Mata na daka a maƙwabta, in ji M. Direban wata babbar mota ya danna oda a hanyar Zango, na ji ya ce N sarai. Ran na bakwai na koma da kaina. Kawu bai tambaye ni inda na shiga ba, ya ce kawai in juya in fuskanci bango.

Yana da tsohuwar rediyo mai gajeren zango. Rediyon gida ba ta fitar da sautin Morse, sai dai ka ji wani abu na bugawa dum-dum kamar zuciya. Amma in ya kawo wata ƙarama ya jingina kusa da ita, ya murɗa a hankali, sai bugun ya rikiɗe ya zama fito mai daɗi. Da dare muke saurare, don da dare zangon ya fi kaiwa nesa. Damina ce, ko'ina hadari, kowace walƙiya tsakanin nan da Kano sai ta fashe mana a kunne. A wani dare irin wannan, wajen ƙarshen watan Satumba, ina kwance rigingine ban ma riƙe alƙalami ba, wata tasha tana ta maimaita abu ɗaya. Sai na ji bakina ya ce: "Kawu, DE FFL." Ban ƙirga ba, ban tuna ungulu ba, kuma F da L da suka hana ni barci sun zo kowanne da fuskarsa. Ya tashi zaune ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce DE na nufin "daga", FFL kuwa tashar Saint-Lys ce, kusa da birnin Tuluz a Faransa, tana sanar da jiragen ruwa cewa tana saurare. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin bayan gari ba, ga ni ina jin abin da ake faɗa wa matuƙan teku. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A zauren nan, daren nan, ji ne ya kori gani.

Daga nan abin ya riƙa sauka da kansa. Gajerun kalmomi suka fara zuwa a dunƙule. Na koyi taƙaitattun alamun da masu waya na duniya duka suka sani ko da ba sa jin harshen juna: QRS, rage sauri, QRN, tsawa ta hana ni ji, ti takwas a jere, na yi kuskure zan sake. Na koyi barin hannuna ya biyo kunnena a baya da harafi biyu ko uku, yadda mai ɗaukar waƙa yake biyo mai bayarwa. Kawu kuwa yana iya rubuta saƙo yana amsa sallamar baƙo, bai ɓata ko ɗaya ba. Ya ce mini kowane ma'aikaci da hannunsa, kamar yadda kowa da muryarsa. Wani yana jan ja fiye da kima, wani yana haɗiye tazara, wani hannunsa na rawa in an kusa tashi aiki. Akwai wanda suka yi shekaru suna aiki tare, shi a Ngigmi wancan a Agadas, ba su taɓa haɗuwa ba, amma ran da zazzaɓi ya kama mutumin, tun a layin farko kawu ya gane ya tambaye shi jiki.

Ya kuma gaya mini nauyin aikin. Mai karɓar waya shi ne farkon wanda yake sanin an yi wa wane rasuwa a Makka, an sauke wane daga muƙami, kuɗin gyaɗa ya faɗi. Yakan rubuta, ya liƙe, ya miƙa wa masinja, ya fito ya gaisa da mai saƙon a hanya bai nuna komai a fuska ba. Rantsuwa ake sa su yi a kan riƙe sirri. Sai a lokacin na fahimci dalilin ƙarancin maganarsa.

Shekaru da yawa bayan haka, ina malamin makaranta, na karanta tarihin abin, na tarar kawu ya bi sawun mutanen da bai taɓa ambata mini sunansu ba. Samuel Morse, da ya aika saƙonsa na farko daga Washington zuwa Baltimore a ranar 24 ga Mayu 1844, don ido ya shirya na'urarsa: tana zana alamu bisa siririyar takarda, ma'aikaci ya duba ya fassara. Ma'aikatan ne da kansu suka lura suna gane saƙo daga ƙarar na'urar kafin su dubi takarda. Tsarin da muka koya, wanda ƙasashen Turai suka amince da shi a taron Paris na 1865, gyararre ne daga aikin wani Bajamushe, Friedrich Gerke. A 1897 da 1899 wasu masana biyu a Amurka, Bryan da Harter, suka bibiyi masu koyon tangaraho, suka rubuta cewa mai koyon karɓa yakan kai wani mataki ya tsaya cik na tsawon lokaci, sannan ya yunƙura in ya tashi daga jin haruffa ya koma jin kalmomi. Watan nan da na yi ina jefar da alƙalami ashe sananne ne. A shekarun 1930 kuma wani masanin halayyar ɗan Adam a Jamus, Ludwig Koch, ya nuna cewa a fara da haruffa biyu da cikakken sauri, in mai koyo ya kama kashi 90 cikin 100 a ƙara masa ɗaya. Dabarar buɗe tazara tsakanin haruffa ana jingina ta ga wani Ba'amurke mai suna Farnsworth. Kawu ya haɗa su duka, ya ƙara da taken sarki.

Gaskiyar da ba zan ɓoye ba ita ce wannan ilimi bai taɓa kawo mini ko dala ba. Tun ina koyo rana ta riga ta yi masa yamma. Teles da tarho suna shigowa ofisoshi, hukuma ta koma aika saƙonninta da murya ta rediyo. Faransa ta daina aiki da Morse a teku a ƙarshen Janairu 1997, tashar Saint-Lys da ta buɗe mini kunne aka rufe ta a 1998, sannan daga 1 ga Fabrairu 1999 jiragen ruwa suka koma neman agaji ta tauraron ɗan Adam, aka ajiye SOS da aka amince da shi tun taron Berlin na 1906. A 2003 hukumar sadarwa ta duniya ta janye sharaɗin iya Morse daga kan masu rediyon sha'awa. Kawu bai ga wannan ba, Allah ya yi masa rasuwa kafin salula ta iso garinmu. Allah ya jiƙansa.

Ba na cikin masu kukan cewa zamanin da ya fi yau. Tangaraho ba na talaka ba ne. Da Faransanci ake buga shi, kalma-kalma ake biya, kuma tsohuwar da ke son sanar da ɗanta a Abidjan cewa mahaifinsa ba lafiya sai ta zauna gaban mai rubutun haya a ƙofar gidan waya, ta zazzage masa cikinta, ya matse shi cikin kalmomi shida. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su da take a jadawalin Morse, alhali É ta Faransanci tana da nata. Kuɗin da ɗan ci-rani ya aiko ta manda sai an yi sintiri kafin a karɓa. Yau tsohuwar nan tana danna WhatsApp ta yi magana da Hausarta ta Damagaram, ta yi kuka in ta ga dama, ɗanta ya ji muryarta, kafin magariba ta karɓi kuɗi a Nita ko Al Izza. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, da ta bibiyi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta samu cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Manomin Mirya ko Matameye da ke tambayar kuɗin tiyar hatsi kafin ya ɗora buhu a amalanke ba zai yarda a mayar da shi zamanin kawu ba, kuma ni ma ba zan roƙe shi ba.

Abin da nake jin zafin tafiyarsa shi ne saurare. Shekara talatin na yi ina koyarwa, na kuma ga yadda kunnen yara ya riƙa gajarta. Yaron da ya san zai iya mayar da saƙo baya ya sake ji sau goma, me zai sa ya tattara hankalinsa a karo na farko? Mai karɓar waya sau ɗaya ake ba shi, cikin tsawa, kuma harafi ɗaya na iya mayar da "ya iso" ya zama wani abu dabam. Mai aikawa shi ma, tunda kowace kalma da kuɗinta, sai ya tauna kafin ya furta. Yanzu saƙon murya na minti bakwai yakan zo mini, in saurara har ƙarshe in rasa abin da ake so da ni. Labarin ƙarya kuma yakan zagaye Birni da Zango da Sabon Gari kafin a idar da sallar isha'i, babu wanda ya yi rantsuwa a kansa.

Morse bai mutu sarai ba. Na'urorin da ke nuna wa jiragen sama hanya har gobe da shi suke faɗin sunansu, haruffa biyu ko uku, matuƙi ya saurara ya tabbatar. Masu rediyon sha'awa a duniya suna hira da shi, kuma duk alamar kira da ta fara da 5U sun san daga Nijar take, suna rububinta don masu ita kaɗan ne. A 2004 har sabon harafi aka ƙara masa, alamar @ ta adireshin intanet. Salular da ta binne shi ita ce kuma yau take ɗauke da manhajojin koyar da shi kyauta. Wanda duk ya yi sha'awa, shawarata ita ce ta kawu: kada ka dubi jadawali ko sau ɗaya, fara da haruffa biyu da saurinsu, zauna kaɗan amma kullum, in harafi ya wuce ka bar shi, in ka kai inda ka tsaya cik kada ka ɗauka kanka ne ya toshe. Na gwada wannan hanya a aji wajen koya wa yara jin Faransanci da lissafin ka, ta yi mini aiki.

Madannin kawu yana wurina. Alhamis da ta biyo na sa shi a jaka na kai rumfar aminina, na juya jikansa ya fuskanci buhunan shinkafa, na buga masa kasuwa da mota. Kafin azahar ya raba su, har yana gyara wa kakansa. Ko zai ɗore, Allah ne masani.

Tsofaffin da suka yi wannan aiki a gidan waya, da soja, da jandarma, da filin jirgi, saura ƙalilan a Damagaram, kuma kusan duk sun haura saba'in. Jami'ar André Salifou tana nan cikin gari da ɗalibanta na tarihi, kowannensu da na'urar ɗaukar murya a aljihu. Ina roƙon su, da duk mai irin wannan dattijo a gidansu ko a unguwarsu, a je a gaishe shi, a zauna, a tambaye shi inda ya yi aiki da abin da ya ji, a miƙa masa cokali da kwano ya buga sunansa a ɗauka. A yi wannan bana, kada a bari sai baɗi.